Alkawarin Ɗan Sikawut da Amanar Zama Tare a Ƙasar Dutse

Duk wanda ya halarci sallar Idi a Dutse ya san 'yan agaji: samari cikin kaki, usur a baki, suna daidaita sahu, suna tare babura, suna buɗe wa dattawa hanya. Jama'atu Nasril Islam na da nata, Izala na da nata, Fityanul Islam ma haka. A coci-cocin Arewa kuma akwai 'yan Boys' Brigade da gangunansu da begila. Horon kusan ɗaya ne: fareti, ladabi, agajin gaggawa. Amma kowace runduna a harabar ɗakin ibadarta take, har yaro ya girma bai taɓa tsayawa layi ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Hujjar wannan maƙala ita ce, sikawut na iya cike wannan giɓi, kuma ba za ta cike shi ba sai ta riƙe addini da muhimmanci.

Robert Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya gwada tsarin ne a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907, ya fitar da littafinsa Scouting for Boys a 1908, harkar kuma ta iso Najeriya a 1915. Kundin ƙungiyar sikawut ta duniya ya kafu a kan haƙƙoƙi uku: na Allah, na jama'a, da na kai. Bai zaɓa wa yaro addini ba. Abin da ya nema shi ne kowa ya riƙe nasa, ya sauke abin da ya ɗora masa.

Iyaye da dama a nan suna yi wa sikawut kallon kayan Nasara, kuma zarginsu yana da tushe. Baden-Powell ɗan limamin coci ne, hafsan sojan mulkin mallaka ne da ya shiga yaƙin da Ingila ta kai wa Asante a Kumasi tsakanin 1895 da 1896. Gajeren wando da waƙe-waƙen gefen wuta ma ba su taimaka ba a ƙasar da ake auna yaro da kunyarsa. Sai dai asalin abu ba ya yanke masa hukunci har abada. Alhazan Jigawa sun ga 'yan sikawut na Saudiyya a Mina, riƙe da taswira, suna mayar da ɓatattun tsofaffi tantunansu. Haɗaɗɗiyar ƙungiyar sikawut ta Musulmin duniya a Jidda take da mazauni. Shirin manzannin zaman lafiya na sikawut kuwa, Sarki Abdullah na Saudiyya da Sarki Carl Gustaf na Suwidin ne suka ƙaddamar da shi a 2011.

Akwai masu ganin cewa maganin saɓani shi ne a cire ambaton Allah daga alkawarin ɗan sikawut baki ɗaya. Ƙungiyar sikawut ta Birtaniya ta samar da alkawari na daban ga marasa addini tun 2014. Wannan amsa ce ga tambayar da al'ummarsu ta yi, ba tamu ba. A Kiyawa ko Jahun ko Birnin Kudu, alkawarin da babu Allah a cikinsa ba zai ɗaure yaro ba, ba kuma uban da zai sake ɗansa ya kwana a sansani a kansa.

Tambayarmu ta fi wannan nauyi. A watan Satumba na 2006 an ƙona coci-coci da shaguna a Dutse bayan zargin wata mata da ɓatanci, kuma matasa ne a gaba, kamar yadda aka saba gani a irin wannan tarzoma. Musulmi ne mafi rinjaye a Jigawa nesa ba kusa ba, don haka girmama addinin wani a nan ba ciniki ne tsakanin tsara biyu ba, amana ce a wuyan masu yawa. Ba kuma a jawabin buɗe taro ake gane ta ba, a jadawalin sansani ake gani. Idan an dakatar da atisaye don azahar, an ware wa yara Kiristoci lokacinsu ranar Lahadi, ko su uku ne kacal? An kula da yanka saboda Musulmi ya ci hankali kwance? Malamin da ke kula da su ya kame bakinsa daga jan yaron wani zuwa addininsa? Ban ga amfanin haɗa addu'a ɗaya da za ta gamsar da kowa ba. Irin wannan gauraye kan ɓata wa ɓangarorin biyu rai. Kowa ya yi tasa, ɗan'uwansa ya tsare masa kaya har ya idar.

Ƙarfin sikawut yana cikin ƙaramin rukuninta: yara shida zuwa takwas, shugabansu daga cikinsu, tukunya ɗaya, tanti ɗaya. A nan yaron da aka haifa a unguwar Garu ta Dutse zai karɓi umarni daga ɗan ma'aikacin da aka turo daga Binuwai, saboda shi ya fi iya ɗaurin igiya da kafa tanti. Za su yi faɗa a kan wanke-wanke, zo mu zauna zo mu saɓa ne, amma faɗan nasu ne, ba na addinansu ba. Wannan ba ya hana tarzoma shi kaɗai; talauci da zaman banza da 'yan siyasa suna nan. Yana dai rage yawan samarin da ba su san kowa a ɗaya ɓangaren da suna ba.

Dutse ba ta rasa masu horarwa ba. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 da sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Fanisau suna tara matasa daga ko'ina a Najeriya. Ya kamata Ma'aikatar Ilimi ta Jigawa ta ƙarfafa rukunonin sikawut a makarantun sakandare, Masarautar Dutse ta sa albarka, shugabannin 'yan agaji da na Brigade kuma su yarda yaransu su riƙa haɗuwa a sansani ɗaya ko da sau ɗaya ne a shekara.