Sauya hitar ruwa a Katsina: abin da ya kamata a sani

Idan hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, masu neman hitar wanka kan ƙaru a shagunan kayan lantarki na Babbar Kasuwar Katsina. Gidaje da yawa da ruwan madatsar Ajiwa bai isa gare su ba sun dogara da rijiyar burtsatse, kuma ruwan wasu rijiyoyin yana ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam. Idan ya ɗauki zafi, sai sinadaran su daskare su zama farin ɓawo a jikin ƙarfen da ke zafafa ruwan. Alamunsa su ne jinkirin ɗumi, ƙara a cikin tanki, da yawan cin wuta.

Idan ƙarfen kaɗai ya ƙone, shi ake sauyawa. Idan tankin ya fara yoyo, sai dai sabuwar hita.

Ƙwararren mai gyaran wuta ne zai haɗa ta, tare da wayar ƙasa da bawul mai sakin tururi, domin lantarki a banɗaki yana kisa. Barin zafin a digiri 60 da wanke tankin duk shekara suna rage ɓawon.