Tsohon filashi a kan kyamarar zamani: abin da ya kamata mai hoto ya sani

A Tchirozérine, garin kwal na kamfanin SONICHAR a jahar Agadez, yawancin shagulgulan aure da na suna sai rana ta yi sanyi suke kankama, shi ya sa mai ɗaukar hoto ba ya rabuwa da filashi. Sabo yana da tsada, tsofaffin na zamanin fim kuwa suna nan a akwatuna da hannun masu sayar da kayan kwance. Da yawansu suna aiki har yau, amma wasu na iya ƙona kyamara a latsawa ɗaya.

Inda haɗarin yake

A ƙasan filashi akwai ɗan tsinken ƙarfe da ke taɓa mazauninsa a saman kyamara. Ta nan kyamara ke ba shi umarnin haskawa, kuma akwai wuta a kansa. Kyamarorin da suna haɗa wannan wuta da makunnin ƙarfe mai juriya. Na zamani kuwa da ƙananan kayan lantarki suke yi, waɗanda ba su ɗaukar wuta mai yawa.

Ƙa'idar duniya ta ISO 10330 ta tsayar da volt 24. Sai dai wasu tsofaffin filashi, kamar Vivitar 283 na farko-farko ƙirar Japan, sukan haura volt 200. Kamfanin Nikon ya ce kyamarorinsa da dama na jure har 250, alhali wasu tsofaffin Canon na dijital ba a so a wuce masu 6. Takardar bayanin kyamara ce ke raba gardama. Ɓarnar ma ba lalle ta bayyana nan take ba, takan ci a hankali har ranar da kyamara za ta daina tayar da filashi.

Yadda ake aunawa

Masu gyaran rediyo da salula suna da miltimetir. A sa sababbin pil, a kunna filashi, a jira fitilarsa ta nuna ya cika. A juya na'urar zuwa awon DC, a ɗora jan tsinke a kan tsinken tsakiya, baƙin kuma a kan ƙarfen gefen ƙafar. Idan awon bai wuce volt 6 ba, babu damuwa. In ya wuce, a duba iyakar kyamarar tukuna.

Mafita idan wutar ta yi yawa

Akwai ɗan mahaɗi irin Wein Safe-Sync da ake sawa tsakani, yana rage wutar zuwa kimanin volt 6. Ana kuma iya ajiye filashin gefe, a haɗa shi da ɗan idon haske mai tayar da shi idan wani filashi ya haska. Ta haka ba ya taɓa kyamara ko kaɗan.

Saiti

Tsarin TTL na zamanin fim ba ya jituwa da dijital, don haka da hannu ake saitawa. Kada saurin ɗauka ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa, gwargwadon kyamara, in ba haka ba rabin hoton zai fito baƙi. Ana samun buɗin ido ta raba lambar ƙarfin filashi da nisa: filashi mai lamba 36 a ISO 100, mutum na tsaye a mita 4 da rabi, sai a sa f/8.

Ajiya

Zafin Ayar yana sa pil yoyo, ƙura kuma na toshe mahaɗi. A cire pil bayan aiki, a goge ƙafar da busasshen tsumma. Kada a kwance filashi a gida: kondansatarsa na riƙe wuta kusan volt 300 ko bayan an cire pil, kuma tana iya jikkata mutum.