Baƙin Hunturu a Fadamun Kogin Haɗeja

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa tsuntsu matafiyi ne. Saukar shamuwa a kan kuka bushara ce ta damina. Sai dai shamuwa 'yar gida ce, ƙaurarta ba ta wuce Afirka. Akwai wasu baƙin da ke zuwa bayan ta tafi: ƙananan tsuntsayen bakin ruwa masu dogayen ƙafafu da siririn baki, waɗanda ke bin gefen taɓo a fadamun Jahun da Miga, su gangara da Kogin Haɗeja har dausayin Baturiya da Nguru. Daga cikinsu har da wanda Turawa ke kira ruff, mai yin ƙwai a arewacin Turai da Saiberiya. A can namijinsa yana fitar da tulin gashi a wuya lokacin neman mace; a nan kuwa ruwan toka ne, ba ado, yana tsintar shinkafar da ta zube bayan girbi, kusa da zakaran ƙeƙuwa da balbela.

Turawan ma sun jima ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi ba. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa a kusa da Klütz ta ƙasar Jamus, da guntun mashin Afirka soke a wuyanta; har yau tana ajiye a Jami'ar Rostock. A 1899 wani malamin makaranta ɗan Denmark, Hans Christian Mortensen, ya fara sanya wa tsuntsaye zobe mai lamba a ƙafa, daga nan aka soma bin sawun hanyoyinsu.

Abin da ya karkato hankalinsu zuwa yankinmu fari ne. A 1969 masu lura da tsuntsaye a Ingila suka ga wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da rabi cikin shekara guda. Da aka bi diddigi, sai aka gano ƙarancin ruwan sama a Sahel ne sanadi. Wato farin da daga baya ya ƙarar da shanu a ƙasar Hausa tsakanin 1972 da 1974, an fara ganin alamarsa a shingayen gonakin Ingila.

A wannan tsakani ne aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka kafa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Manufar ita ce noman rani na zamani a Kadawa da kewayenta, da ruwan sha ga Kano. Amma ruwan da aka tare a sama shi ne ambaliyar da ke shimfiɗuwa a ƙasa duk Agusta da Satumba, wadda manomin shinkafa da masunci da makiyayi ke jira. Faɗin ƙasar da ruwa ke mamayewa ya ragu ƙwarai, farin 1984 ya ƙara tsananta lamarin, sannan madatsar Challawa ta biyo baya a 1992.

A 1987 aka kafa shirin kare dausayin Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyar IUCN, da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, da gidauniyar kare muhalli ta Najeriya. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona a ƙasar Bade. Ba laifi ba ne idan manomi ya yi wa wannan hidima kallon tuhuma, domin shi tsuntsun da ya fi sani shi ne jan-baki, mai cinye masa gero da shinkafa a yini ɗaya. A ganina, duk da haka, waɗannan masu ƙirga tsuntsaye ne suka samar wa manomin hujja mafi ƙarfi da aka taɓa gabatarwa a madadinsa. Ba a iya fahimtar yawan tsuntsu sai an auna yawan ruwa, saboda haka suka riƙa auna ambaliya kowace shekara. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka lissafa abin da fadama ke bayarwa na amfanin gona da kifi da itacen girki, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala yana haifar da arzikin da ya ninka na ruwan da aka karkatar zuwa aikin noman rani na Kogin Kano. Wannan lissafi ya zama abin misali a duniya wajen kimanta darajar dausayi.

Takardun karramawa sun biyo baya. An sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya kuma a 2008, sannan a 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da dausayin Haɗeja gandun daji na ƙasa. Ruwan dai bai koma yadda yake ba. Sakin ruwa daga madatsu a duk tsawon shekara ya hana ƙasa bushewa da rani, sai kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar jan-baki. Tsuntsun bakin ruwa yana buƙatar buɗaɗɗen taɓo mai ja da baya sannu a hankali. Irin ƙasar ce kuma mai noman fadama ke dasa albasa da tumatir a cikinta. Kacala ta ƙwace wa dukansu biyu.

Har yanzu ana fita ƙidaya a watan Janairu, ƙarƙashin shirin ƙirga tsuntsayen ruwa na Afirka da aka fara a 1991. Akan fita da sassafe, kafin hazon hunturu ya yi kauri, da madubin hangen nesa da littafin rubutu, wani wurin sai da kwalekwale. Zuwa Maris da Afrilu baƙin sun yi ƙiba sun nufi Sahara, makonni kaɗan kafin shamuwa ta dawo.