Kati a Hannu, Asibiti da Nisa: Giɓin Dokar Obamacare ga Masu Sayen Inshorar Lafiya da Kansu a Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta duba abin da dokar gyaran inshorar lafiya ta Amurka ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta haifar wa mutanen da ke sayen inshora da kuɗin aljihunsu, wato waɗanda ba su samu ta wurin aiki ba, ba sa kuma cikin shirye-shiryen gwamnati na tsofaffi da matalauta. An dogara da alƙaluman Ma'aikatar Lafiya ta Amurka, da hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli, da binciken cibiyar KFF. Hujjar maƙalar ita ce, dokar ta buɗe wa kowa ƙofar sayen inshora, amma ta bar farashin asibiti da na magani yadda ta same su, sai tsadar ta sake ɓullo wa mai saye ta wasu hanyoyi.

Gabatarwa

Kafin 23 ga Maris, 2010, ranar da Shugaba Barack Obama ya sa wa dokar hannu, Ba'amurke mai cin gashin kansa, direban tasi ko mai ƙaramin shago ko manomi, yana iya zuwa kamfanin inshora da kuɗinsa a hannu a ce ba za a sayar masa ba, don kawai yana da ciwon suga ko an taɓa yi masa aikin zuciya. Mace kan biya fiye da namiji tsaranta. Dokar ta haramta duk wannan. Ta kuma tilasta wa kamfanoni ɗaukar nauyin fannoni 10 na kiwon lafiya, har da haihuwa da lafiyar ƙwaƙwalwa da magungunan da likita ya rubuta, ta bar matasa a inshorar iyayensu har zuwa shekara 26, ta hana a caji dattijo fiye da ninki uku na abin da ake cajin matashi. Marasa inshora sun ragu daga kusan kashi 16 cikin ɗari na al'umma a 2010 zuwa kusan kashi 8 a 2023. Wannan ba ƙaramar nasara ba ce, kuma duk sukan da bai fara da amsa ta ba ya zama siyasa kawai.

Sai dai an fi ƙirga nasarar da yawan masu kati. Tambayar da ta fi damun mai saye daban ce: nawa zai riƙa biya duk wata, kuma ranar da ciwo ya kwantar da shi, me katin zai yi masa? Tambaya ce da ta shafi Nijeriya ma, tunda dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa.

Mafari mai tangarɗa

An buɗe kasuwar inshora ta intanet, HealthCare.gov, ranar 1 ga Oktoba, 2013. Shafin ya durƙushe nan take. Takardun da wani kwamitin Majalisar Wakilai ya fitar daga baya sun nuna mutum 6 ne kacal suka kammala rajista a ranar farko. An gyara shafin cikin 'yan watanni, Sakatariyar Lafiya Kathleen Sebelius kuma ta ajiye aiki a Afrilun 2014.

Abin da ya fi daɗewa a ran jama'a shi ne wasiƙu. Obama ya sha nanata cewa wanda yake son inshorar da yake da ita zai ci gaba da riƙe ta. A ƙarshen 2013 kimanin mutum miliyan 4 suka sami wasiƙar soke tasu, domin ba ta cika sababbin sharuɗɗa ba. Da yawa daga cikin waɗannan tsare-tsaren ba su da wani kirki, gaskiya ne, amma masu su sun saye su ne daidai ƙarfin aljihunsu, kuma ba haka aka yi da su ba.

Tallafin da ke yankewa farat ɗaya

Dokar ta tanadi tallafin kuɗin wata-wata ga wanda samunsa ya kama daga daidai ma'aunin talauci na tarayya zuwa ninkinsa huɗu. A cikin wannan iyaka, gwamnati ke cike ragowar farashin, komai tsadarsa. Da mutum ya haura iyakar da dala ɗaya, tallafin ya tafi gaba ɗaya.

A ɗauki misalin kafinta ɗan shekara 60 da ke zaune shi kaɗai a 2017. Iyakar a wannan shekara dala 47,520 ce. In samunsa bai wuce nan ba, abin da zai biya wa matsakaicin tsari ba zai kai kashi 10 cikin ɗari na samunsa ba, wajen dala 385 ke nan a wata. In ya yi wani aiki guda a watan Disamba da ya ɗaga shi sama da iyakar, cikakken farashi ya hau kansa, kuma a jihohi masu tsada irin su Alaska da Arizona farashin ga mai shekarunsa ya haura dala 1,000 a wata. Wani abin takaicin shi ne, ana ba da tallafin ne bisa kintacen abin da mutum zai samu a shekara mai zuwa. Mai albashi ya san nasa. Mai sana'ar hannu bai sani ba, kuma shi ne ainihin wanda aka gina kasuwar dominsa. Idan kintacen ya kuskure har ya tsallake iyakar, lokacin biyan haraji hukumar haraji za ta nemi ya mayar da duk tallafin da aka ba shi a shekarar.

Farashin kuwa bai tsaya wuri ɗaya ba. Wani rahoton Ma'aikatar Lafiya na Mayun 2017 ya ce matsakaicin kuɗin wata-wata a jihohi 39 masu amfani da HealthCare.gov ya tashi daga dala 232 a 2013 zuwa dala 476 a 2017. Ana iya yi wa kwatancen gyara, domin inshorar 2013 ba ta ɗauke nauyin da ta 2017 ta ɗauka ba, kuma tana tace marasa lafiya ta bar su a waje. Duk da haka, a shekarar 2017 kaɗai farashin tsarin da ake auna tallafi da shi ya ƙaru da kusan kashi 25 cikin ɗari, a Arizona kuma ya fi ninkawa. Mai tallafi bai ji wannan a jikinsa ba, baitulmali ne ya ji. Marar tallafi ya ji, ya kuma fice: hukumar da ke kula da kasuwar ta ce tsakanin 2016 da 2018 masu saye ba tallafi sun ragu da miliyan 2.5, wato kashi 40 cikin ɗari. Masu ƙoshin lafiya ne suka fi saurin tafiya, ficewarsu kuma ta ƙara tsadar a kan waɗanda ciwo ya hana su motsi.

Tarar da aka sa wa wanda bai sayi inshora ba, wadda aka yi don hana irin wannan ficewa, ta fara da dala 95 a 2014, ta kai dala 695 ko kashi 2.5 cikin ɗari na samu a 2016. Ga mutane da yawa, biyan tara ya fi sayen inshora sauƙi nesa ba kusa ba. Dokar haraji ta Disambar 2017 ta mayar da tarar sifili daga 2019.

Kason farko, da likitan da ba ya cikin jerin

An kasa tsare-tsaren kasuwar gida huɗu. Na tagulla yana ɗaukar kusan kashi 60 cikin ɗari na kuɗin jinya, na azurfa 70, na zinariya 80, na ƙoli 90. Mai neman sauƙin kuɗin wata-wata yakan faɗa wa na tagulla, kuma a nan ne matsalar ta fi tsanani. Akwai wani kaso na farko da dole mutum ya kashe daga aljihunsa a cikin shekara kafin kamfani ya fara biyan mafi yawan ayyuka. A 2024 matsakaicin wannan kaso ya wuce dala 7,000 a tsarin tagulla, ya kai wajen dala 5,000 a na azurfa ga wanda bai da rangwame. Iyakar abin da doka ta yarda mutum ɗaya ya kashe daga aljihu ta tashi daga dala 6,350 a 2014 zuwa dala 9,450 a 2024.

A ajiye waɗannan alƙaluma kusa da wani. Binciken Babban Bankin Amurka na 2023 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na manya ba za su iya fitar da dala 400 nan take ba don wata larura ta ba-zata, sai sun ci bashi ko sun sayar da wani abu. Mace mai gyaran gashi da ke biyan kuɗin tsarin tagulla duk wata ba fashi, in ta karye a hannu ko aka ce a yi mata hoton ciki, ita za ta biya har ta cike dala dubu bakwai. Rigakafi da wasu gwaje-gwajen kariya kyauta ne, wannan kam dokar ta tabbatar. Amma tsakanin rigakafi da babbar musiba akwai jinya ta yau da kullum, kuma a wannan fili katin kusan bai da aiki. Sai ka ga mai inshora yana jinkirta ganin likita kamar yadda marar inshora ke yi.

Da dokar ta hana kamfanoni tace masu saye, sai suka koma tace likitoci. Hanyar da ta rage musu ta rage farashi ita ce ƙulla yarjejeniya da 'yan asibitoci masu rahusa. Cibiyar KFF ta gano cewa a 2021 mai saye a kasuwar yana iya ganin kashi 40 cikin ɗari ne kawai na likitocin da ke kusa da gidansa, a matsakaici. Ita dai cibiyar ta gano cewa a wannan shekara kamfanonin HealthCare.gov sun ƙi biyan kusan kashi 17 cikin ɗari na buƙatun biya, ko da likitan yana cikin jerinsu, kuma waɗanda aka ɗaukaka ƙara a kansu ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Haƙƙin ɗaukaka ƙara yana nan a rubuce. Wanda ke kwance yana karɓar maganin ciwon daji ba shi ne zai zauna cike takardu da jiran amsa a waya ba.

Kasuwar da ta ƙi cika

An gina dokar a kan zaton gasa za ta danne farashi. Shawarar kafa inshorar gwamnati da za ta yi gogayya da kamfanoni ta mutu a Majalisar Dattawa a Disambar 2009, bayan Sanata Joe Lieberman ya ce ba zai goyi bayan ƙudurin da ita a ciki ba. A madadinta aka kafa kamfanonin haɗin gwiwa 23 marasa neman riba, da rancen tarayya na kusan dala biliyan 2.4. Kafin ƙarshen 2015, 12 sun rushe. Daga baya uku ne suka rage.

Gwamnati na da hannu dumu-dumu a wannan rushewa. Dokar ta yi alƙawarin rage wa kamfanoni asarar shekaru ukun farko, lokacin da ba wanda ya san irin marasa lafiyar da za su shigo. Majalisa ta toshe kuɗin, aka biya kashi 12.6 cikin ɗari kawai na abin da ake bin gwamnati na 2014. Sai a Afrilun 2020 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 8 da 1, ta ce dole a biya kusan dala biliyan 12, lokacin yawancin ƙananan kamfanonin sun riga sun kulle. Manya irin su UnitedHealth da Aetna da Humana suka janye daga kasuwanni tsakanin 2017 da 2018. Gundumar Pinal ta Arizona ta kusa shiga 2017 ba kamfani ko ɗaya, sai da Blue Cross Blue Shield ta jihar ta amince ta zauna. A 2018 kusan rabin gundumomin ƙasar kamfani ɗaya ne ke sayarwa a cikinsu, yawancinsu na karkara. Kamfanoni sun dawo daga baya, amma sun dawo ne bayan farashi ya kai inda suke so.

Waɗanda lissafi ya tsallake

Masu rubuta dokar sun ɗauka duk wanda samunsa bai wuce kashi 138 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba zai shiga Medicaid, shirin gwamnati na matalauta, shi ya sa ba su tanadar wa na ƙasa da ma'aunin tallafin kasuwa ba. Ranar 28 ga Yuni, 2012, Kotun Ƙoli ta ce faɗaɗa Medicaid zaɓin jiha ne. Jihohi 10, cikinsu har da Texas da Florida da Georgia, sun daɗe suna ƙi. Sakamakon shi ne mutane sama da miliyan ɗaya sun yi talauci da yawa da ba za su sami tallafi ba, ba su kuma cancanci Medicaid ba a ƙa'idar jiharsu. Maƙwabcinsu da ya ɗan fi su samu yana samun tallafin sayen inshora.

Akwai kuma iyalan ma'aikata. Idan wurin aiki ya ba mutum inshorar da ba ta wuce kusan kashi 9.5 cikin ɗari na samun gidan ba, an hana duk gidan tallafi, alhali da farashin ma'aikacin shi kaɗai aka auna, ba da na matarsa da 'ya'yansa ba. Kimanin mutum miliyan 5 abin ya shafa, kuma sai a 2023 gyaransa ya fara aiki, shekara tara bayan buɗe kasuwa.

Gyaran da aka sa wa wa'adi

A Maris 2021 gwamnatin Joe Biden ta ƙara tallafi, ta cire iyakar ninki huɗu, ta ce kowa ba zai biya wa matsakaicin tsari fiye da kashi 8.5 cikin ɗari na samunsa ba. Wata doka ta Agustan 2022 ta tsawaita wannan zuwa ƙarshen 2025. Masu rajista suka haura miliyan 24 a 2025, ninki biyu na 2021. Wannan ya nuna ƙarara cewa tun farko kuɗi ne ya hana mutane saye, ba taurin kai ba.

Amma ƙarin tallafi bai taɓa farashin kwana ɗaya a gadon asibiti ba, ya dai sauya wanda ke biya. Amurka ta kashe dala tiriliyan 4.9 a kiwon lafiya a 2023, kashi 17.6 cikin ɗari na tattalin arzikinta. Da wa'adin ya matso, KFF ta ƙiyasta cewa abin da masu tallafi ke biya zai fi ninkawa a 2026 idan ba a sabunta ƙarin ba. Taƙaddama a kan sabuntawar na cikin manyan dalilan rufe ayyukan gwamnatin tarayya na kwana 43 da ya fara ranar 1 ga Oktoba, 2025, kuma an sake buɗe gwamnatin a Nuwamba ba tare da an tsawaita tallafin ba, a daidai lokacin da masu saye ke zaɓen inshorar shekara mai zuwa.