Rayuwar 'Yan Luwaɗi a Ingila ta Ƙarni na 20 a Ƙagaggun Labarai

Ƙagaggun labaran da suka taɓo rayuwar maza masu neman maza da mata masu neman mata a Ingila reshe ne na adabin Turanci wanda doka ta yi wa iyaka kusan tsawon ƙarni na 20. Har zuwa 1967, saduwa tsakanin namiji da namiji laifi ce a ƙasar ko da a cikin ɗaki aka yi ta da yardar juna. Wannan ya shafi abin da marubuci zai iya faɗa, da hanyar da zai bi ya faɗe shi, har da ko littafin zai fito yana da rai. Wani abin da ke yawan bayyana a littattafan shi ne bambancin matsayi tsakanin masu hali da talakawa, wanda a wasu labaran ya fi maganar jima'in kanta nauyi.

Dokar da marubutan suka tarar

Luwaɗi laifi ne a dokokin Ingila tun ƙarni na 16, amma a 1885 ɗan majalisa Henry Labouchere ya shigar da wani sashe cikin dokar laifuffuka wanda ya faɗaɗa laifin zuwa duk wani aikin rashin ɗa'a tsakanin maza, da hukuncin ɗauri har na shekara 2. Da wannan sashe aka ɗaure marubuci Oscar Wilde a 1895, tare da aiki mai tsanani. Ya rasu a Faris a 1900 cikin talauci, kuma marubutan da suka taso bayansa sun ɗauki darasi daga abin da ya same shi. Dokar ta kuma buɗe wa 'yan damfara kasuwa: a samu wasiƙar mutum ko a san sirrinsa, a riƙa tatsar kuɗinsa da barazanar tona masa asiri. Shi ya sa wasiƙar da ta faɗa hannun da bai dace ba take yawan fitowa a waɗannan labarai. Dokar ba ta ambaci mata ba, kuma yunƙurin da aka yi a 1921 na sanya maɗigo cikinta ya faɗi a majalisar dattawa.

Littafin da ya jira mutuwar mai shi

E. M. Forster ya riga ya yi suna da Howards End na 1910 lokacin da ya ziyarci Edward Carpenter a ƙauyen Millthorpe a 1913. Carpenter ɗan masu hali ne mai ra'ayin gurguzu, yana zaune a fili da George Merrill, wanda ya fito daga gidan talakawa. Wannan ziyara ce ta haifar da Maurice, wanda Forster ya rubuta tsakanin 1913 da 1914.

Tauraron labarin, Maurice Hall, ba haziƙi ba ne kuma ba mai zane ko waƙa ba ne. Da gangan Forster ya yi shi mutum gama-gari, dillalin hannun jari daga unguwar masu rufin asiri. A jami'ar Cambridge ya ƙaunaci Clive Durham, magajin wani babban gida, wanda daga baya ya janye ya yi aure ya shiga siyasa. Maurice ya kai kukansa ga likitan gidansu, likitan ya ƙi sauraronsa. Ya je wurin wani mai magani ta hanyar sa mutum barcin dabara, shi kuma da ya gaza sai ya ba shi shawarar ya koma Faransa ko Italiya inda doka ba ta hana ba. A ƙarshe ya haɗu da Alec Scudder, mai kula da dajin farauta a gidan su Clive. Tsoron damfara ya shiga tsakaninsu na ɗan lokaci, domin Maurice bai iya yarda cewa bara zai neme shi ba don kuɗi ba. Alec ya fasa ƙaura zuwa Ajantina, su biyun suka zaɓi zama tare, Maurice ya bar matsayinsa.

Wannan ƙarshe na farin ciki shi ne ya hana a buga littafin. Forster da kansa ya bayyana cewa da labarin ya ƙare da mutuwa ko hukunci, da wataƙila an ƙyale shi. Ya riƙa nuna wa aminai rubutun, yana gyara shi har zuwa 1960. Ya rasu a 1970, littafin ya fito a 1971, James Ivory ya mayar da shi fim a 1987. Masu sharhi da dama a lokacin fitowarsa sun ce bai kai sauran littattafan Forster ƙarfi ba, kuma akwai gaskiya a ciki: Alec ya fi kama da burin marubucin fiye da mutum mai tarihin kansa. Duk da haka babu wani littafi da ya nuna kaɗaicin irin wannan mutum kafin Yaƙin Duniya na Farko dalla-dalla kamarsa.

Shari'ar 1928 da salon hannunka-mai-sanda

Wanda ya fito fili ya gamu da kotu. A 1928 kamfanin Jonathan Cape ya buga The Well of Loneliness na Radclyffe Hall, labarin Stephen Gordon, mace 'yar masu dukiya da ta tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a fagen yaƙi, ta ƙaunaci wata budurwa, a ƙarshe ta sadaukar da ita ga wani namiji. Babu batsa a littafin. Editan jaridar Sunday Express, James Douglas, ya taso shi a gaba, alƙali Chartres Biron ya ƙi karɓar shaidar marubuta kan darajar adabinsa, ya ba da umarnin a lalata kofe-kofensa. Ba a sake buga shi a Birtaniya ba sai 1949. A shekarar ta 1928 Virginia Woolf ta fitar da Orlando, wanda ta gina kan ƙawarta Vita Sackville-West, inda tauraron ya rayu ɗaruruwan shekaru ya rikiɗe daga namiji zuwa mace. Babu wanda ya kai shi ƙara, domin ya zo da rigar almara da raha.

Daga nan yawancin marubuta suka koma ga ishara. A Brideshead Revisited na Evelyn Waugh, 1945, ba a ba wa shaƙuwar Charles Ryder da Sebastian Flyte a Oxford suna ba. Mai karatu ne zai fahimci abin da ya fahimta. Wasu kuma sun bar ƙasar. Christopher Isherwood ya zauna a Berlin daga 1929 zuwa 1933, amma a labaransa na wannan birni ya ɓoye dalilin zuwansa, bai faɗe shi ƙarara ba sai a tarihin rayuwarsa na 1976, yana Amurka.

Shekarun kame

Farkon shekarun 1950 'yan sanda sun tsananta kame. An hukunta masanin lissafi Alan Turing a 1952, aka ba shi zaɓi tsakanin kurkuku da allurar rage sha'awa. A 1954 aka ɗaure Lord Montagu da Michael Pitt-Rivers da ɗan jarida Peter Wildeblood, wanda ya rubuta labarin shari'ar da zaman gidan yari a Against the Law na 1955. A 1957 kwamitin John Wolfenden ya ba gwamnati shawarar a daina hukunta manya kan abin da suka yi a keɓe da yardar juna.

Abin mamaki, a wannan lokaci ne labaran suka fara magana kai tsaye. Angus Wilson ya fitar da Hemlock and After a 1952, kan wani shahararren marubuci magidanci da ya fahimci kansa bayan ya manyanta. Iris Murdoch ta sanya namiji mai neman maza a tsakiyar The Bell na 1958. Akwai kuma The Charioteer na Mary Renault, 1953. Renault ta yi aikin jinya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma a asibitin sojoji ta kafa labarin: Laurie Odell, wanda ya ji rauni a Dunkirk, yana tsaka mai wuya tsakanin wani matashi mai ƙin yaƙi saboda addini da wani hafsan sojan ruwa da ya sani tun makaranta. Littattafan wannan zango suna da manufa ta neman sassauci daga al'umma, don haka sukan gabatar da mutum kamili mai kamun kai, su nisanta shi daga masu kwalliya da shagali. Masu karatu na baya sun soki wannan wariya.

Bayan 1967

Dokar 1967, wadda Leo Abse da Lord Arran suka jagoranta, ta cire hukunci a Ingila da Wales ga maza biyu da suka kai shekara 21, a keɓe. Ba ta shafi sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa na kasuwanci ba, kame kuma bai tsaya ba. A 1984 jami'an kwastan sun kai samame kantin littattafai na Gay's the Word a Landan. A 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta kafa Sashe na 28, wanda ya hana ƙananan hukumomi duk wani abu da za a ɗauka tallata luwaɗi ne. Ba a soke shi a Ingila ba sai 2003. A shekarun 1980 ɗin kuma cutar ƙanjamau tana ta kashe matasa.

A cikin wannan yanayi Alan Hollinghurst ya fitar da The Swimming-Pool Library a 1988. Labarin yana faruwa a bazarar 1983, gab da annobar. William Beckwith, saurayi mai dukiya marar aikin yi, ya karɓi aikin rubuta tarihin wani dattijo, Lord Nantwich, tsohon jami'in mulkin mallaka a Sudan. Cikin takardun dattijon ya gano cewa kakansa ne, a matsayin babban mai gabatar da ƙara, ya sa aka ɗaure mutumin a shekarun 1950, kuma a kan wannan aiki darajar gidansu ta ginu. The Line of Beauty na 2004, wanda ya ci kyautar Booker, ya bi Nick Guest daga 1983 zuwa 1987 yana zaune a gidan wani ɗan majalisa na jam'iyyar Conservative. Ana lallaɓa shi muddin bai jawo magana ba. Da abin kunya ya fashe a jaridu, shi aka ɗora wa laifi aka kora.

Wasu muryoyin sun fito daga wajen wannan da'ira. Oranges Are Not the Only Fruit na Jeanette Winterson, 1985, labarin yarinya ce a gidan talakawa masu tsananin addini a Lancashire. The Buddha of Suburbia na Hanif Kureishi, 1990, ya kawo saurayi ɗan Ba'indiye da Baturiya mai neman maza da mata. Sarah Waters ta koma Landan ta shekarun 1940 a The Night Watch na 2006.

Abin da labaran suka rage

Ba daidai ba ne a ɗauki waɗannan littattafai a matsayin cikakken tarihi. Mafi yawan marubutan da suka yi suna sun fito ne daga makarantun kwana na masu kuɗi da jami'o'in Oxford da Cambridge, taurarinsu ma haka. Lebura da ƙaramin soja da baƙar fata sukan shigo labari ne ta idon mai hali da ke sha'awarsu, ba kasafai ake jin bakinsu ba. Hollinghurst ya san da wannan, ya mayar da shi jigo, amma bai fita daga cikinsa ba. Garuruwan masana'antu na arewa ba su samu wuri sosai ba. Polari, zaurancen da waɗannan mutane ke yi a mashaya da gidajen wasa, jama'a sun fi jin sa a shirin barkwanci na rediyon BBC, Round the Horne, a shekarun 1960 fiye da a littattafan adabi. Masu binciken rayuwar talaka a wannan fanni sun fi dogara da takardun kotu da na 'yan sanda, irin waɗanda Matt Houlbrook ya yi aiki da su a Queer London na 2005, wanda ya duba shekarun 1918 zuwa 1957.