Ranar da bindigar Maxim ba ta ceci masu ita ba

In kana yawan bin hanya tsakanin Samaru da Sabon Gari, ka san barikin nan na Defo, inda ake horar da kuratan soja tun 1924. Wataƙila ka taɓa cewa a ranka: ina amfanin kurtu ya shafe watanni yana fareti da koyon tsayuwa, alhali ga makaman zamani? To, mu koma ƙasar Sakkwato, shekara 18 kafin kafa Defo.

Ranar 14 ga Fabrairu 1906, sojojin doki na Turawan mulkin mallaka suka nufi Satiru, wani ƙauye a kudancin Sakkwato, inda talakawa suka yi tawaye bisa aƙidar Mahdi. Sojojin na da bindigogi, har da Maxim mai fesa harsashi sama da 500 a minti guda. Mutanen Satiru kuwa gatari ne da fartanya da kwari da baka.

Dabarar sojan Ingila a lokacin ba ta da sarƙaƙiya: a sauka daga doki, a jeru kusurwa huɗu, kowa ya tsaya daram ya jira umarni. Sai muƙaddashin Razdan, Hillary, ya yi gaba wai zai yi magana da mutanen. Laftanar Blackwood ya taso da jerin don ya kare shi. Kafin su sake daidaita sahu an auko musu, dawakai suka firgita, kowa na harbi barkatai.

Ka yi lissafin da kanka. In bakin bindiga ya kauce da digiri ɗaya tak, a nisan mita 100 harsashi zai baude da kusan mita 1.75, wato tsawon mutum guda. Hannu na rawa, numfashi na sama-sama, yatsa na fizgar kunama: digiri ɗaya ai wasa ne. Ba ƙarfen da za ka ɗaura wa bindiga ya gyara wannan.

Aka kashe Hillary da Blackwood da wani jami'i mai suna Scott, da sojoji 25. Maxim ɗin ma, ba ta tsinana komai ba, a hannun mutanen Satiru ta kwana.

Ranar 10 ga Maris aka dawo da runduna babba, wannan karon sahu bai karye ba. Abin da ya biyo baya kisan kiyashi ne: an kashe mutum kusan 2,000, aka ƙone garin ƙurmus, aka hana a sake gina shi.