Motar igiya: me ya sa wasu ke kewar tsofaffin bayan zuwan sababbi?

Motar igiya akwati ce mai ƙofa da tagogi da ake ratayawa a jikin igiyar ƙarfe, inji ya ja ta a sararin sama daga wata tasha zuwa wata, ta tsallake kwari ko kogi, ko ta haura dutse. Tun farkon ƙarni na 20 take ɗaukar fasinja. A 1908 aka buɗe ta dutsen Wetterhorn a Suwizalan, a 1912 ta dutsen Sugarloaf a birnin Rio de Janeiro, a 1929 kuma ta Table Mountain a Afirka ta Kudu.

Tsohon samfurin yana aiki ne tamkar guga biyu a bakin rijiya: akwati ɗaya na hawa, ɗaya na sauka, su haɗu a tsakiyar hanya. Igiya mai kauri wadda ba ta motsi ita ke ɗauke da nauyi, ƙafafun akwatin na gangarawa a kanta, wata igiyar daban kuma ke ja. Galibi akwai ma'aikaci a cikin akwatin, shi ke rufe ƙofa, shi ke ba da alamar tashi. Samfurin da ya fi yaɗuwa a yau ya sha bamban. Igiya guda ce ke zagayawa ba tsayawa, da ƙananan akwatuna masu cin mutum 8 zuwa 10 maƙale da ita. Idan akwati ta iso tasha sai ta saki igiyar ta rage gudu, mutane su fita wasu su shiga, sannan ta sake kamawa. Da wannan dabara layi ɗaya kan kwashe dubban mutane cikin awa guda, alhali tsohon samfurin bai cika wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Kasuwar ma ta sauya. A da kamfanoni da dama ke ƙera su, irin su Bleichert na Jamus da Von Roll na Suwizalan, kowanne da salonsa, kuma kusan kowane layi akan zana shi ne musamman domin dutsen da zai hau. Yau rukuni biyu suka mamaye harkar. Doppelmayr na Ostiriya ya sayi sashen motocin igiya na Von Roll a 1996, ya haɗe da Garaventa a 2002. Leitner na Italiya da Poma na Faransa kuma suna ƙarƙashin mamallaki ɗaya tun 2000. Shi ya sa wanda ya hau motar igiya a La Paz ta Bolibiya, ya je ya hau wata a tsaunukan Turai, da ƙyar zai bambanta su.

Ƙorafin masu ƙaunar tsofaffin ke nan. Akwai mutane, musamman a Turai, da ke bin sawun tsofaffin layuka suna ɗaukar hotunansu, suna adana bayanan injinansu kafin a kwance su. A ganinsu tsohuwar mota tana da kama da tarihi nata na kanta, ta zamani kuwa duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Abin alfaharinsu shi ne layin Predigtstuhl a garin Bad Reichenhall na kudancin Jamus, wanda Bleichert ya gina a 1928. Har yanzu yana aiki da akwatunansa na asali, kuma hukuma ta sa shi cikin kayan tarihin da doka ta kare.

Inda muhawarar ta fi fitowa fili shi ne Chiatura, garin haƙar ma'adinin manganis a yammacin Jojiya. Garin na kwance a ƙasan wani kwari mai zurfi, ramukan haƙar da unguwannin ma'aikata kuwa suna bisa duwatsun da suka kewaye shi. A 1954, zamanin Tarayyar Sobiyet, aka buɗe layin fasinja na farko domin ma'aikata su daina ɓata lokaci wajen hawan dutse da ƙafa, daga baya layukan suka yawaita har suka zama motar haya ta garin, kuma ba a biyan ko sisi. Bayan rugujewar Tarayyar a 1991 kuɗin gyara ya yi ƙaranci. Wasu layukan suka mutu, waɗanda suka rage suka ci gaba da aiki cikin tsatsa, har aka riƙa yi musu laƙabi da akwatin gawa na ƙarfe. Wannan tsatsar ce ta ja hankalin masu ɗaukar hoto daga ƙasashen waje. An rufe tsofaffin layukan tsakiyar garin zuwa 2019, kuma a watan Satumban 2021 aka buɗe sababbi guda huɗu da Poma ya gina da tallafin kuɗi daga Faransa. Baƙi da yawa sun yi jimami. Sai dai baƙo sau ɗaya yake hawa ya koma gida da hoto, matar da ke sauka kasuwa kullum da yaro a hannu lissafinta daban ne, kuma ita ta fi cancanta a fara tambaya.

Duk da haka, shekaru kaɗai ba sa nuna wace mota ce ke da haɗari. Ranar 23 ga Mayun 2021 igiyar da ke jan motar dutsen Mottarone a arewacin Italiya ta tsinke, akwatin ta koma baya da gudu ta faɗo, mutum 14 cikin 15 suka mutu. Layin na 1970 ne, ya girmi na zamani amma ƙane ne ga na Predigtstuhl da shekara 42. Yana da birkin gaggawa da aka yi domin irin wannan rana, wanda zai damƙe igiyar da ba ta motsi ya tsayar da akwatin. Bincike ya gano an toshe birkin da wani ƙarfe da gangan, domin yana yawan kamawa yana tsayar da aiki.

A ɗaya ɓangaren, sabon samfurin ne ya fitar da motar igiya daga wuraren shaƙatawar masu hali ya kai ta unguwannin talakawa. Birnin Medellín na Kolombiya ya buɗe nasa a 2004, ya haɗa unguwannin da ke maƙale a jikin duwatsu da jirgin ƙasa na birnin. A 2014 La Paz ta bi sahu, inda yanzu layuka 10 ke aiki a cikinta da El Alto. Sauƙin da ƙira iri ɗaya ke kawowa wajen farashi da samun kayan gyara, wato ainihin abin da masu kewar tsofaffin ke ƙi, shi ya sa biranen suka iya saye.

Najeriya ma tana da tata. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, Jihar Kuros Riba ta buɗe motar igiya mai tsawon kimanin kilomita 4 zuwa wurin shaƙatawa na tsaunin Obudu. Ta zamani ce, Doppelmayr ne ya ƙera ta. Ba ta cika shekara 20 ba jaridu suka riƙa ba da rahoton cewa ta daɗe a tsaye saboda rashin kulawa, masu ziyara suka koma bin hanyar mota mai kwana-kwana zuwa saman dutsen. A Legas kuwa an fi shekara goma ana maganar wani layin da zai haɗa Apapa da tsibirin Legas da Victoria Island, har yau bai ɗauki fasinja ko ɗaya ba.